Faifan bayana ya zame: in ci gaba da fisiyo ko in nemi tiyata?

Tambaya: Shekarata 42, aikina na zaman kujera ne daga safe har yamma. Wata huɗu ke nan ina fama da ciwon ƙugu, wani lokaci yana sauka ta bayan cinyata ta dama har sha-raɓa. An yi mini hoton MRI, aka ce faifan da ke tsakanin ƙashin baya na L4 da L5, wato na huɗu da na biyar a ƙugu, ya bulluƙo. Likita ya tura ni sashen fisiyo, inda ake jiyya da gashi da motsa jiki. Idan aka gasa mini bayan, aka sa mini na'urar nan mai tsikara, sai in ji daɗi, amma bayan kwana biyu ciwon ya dawo. Atisayen da aka ba ni kuwa na daina, don yana ɗan yi mini zafi, ina tsoron kada in ƙarasa faifan. Shin fisiyo yana warkarwa ne, ko lallashi kawai yake yi? Ko tiyata ce mafita?

Amsa: Sannu Malam, Allah ya ƙara afuwa. Fisiyo yana aiki a irin ciwonka, sai dai daga bayaninka na lura ka riƙe ɓangaren da amfaninsa bai taka kara ya karya ba, ka ajiye wanda a kansa ake sa ran samun lafiya. Gashin da na'urar lallashi ne, zarginka bai faɗi ƙasa ba. Atisayen da ka daina shi ne ainihin jiyyar, kuma tsoron da ya sa ka daina shi ne abin da ya fi damuna a cikin wasiƙarka, fiye da abin da aka rubuta a takardar hoton.

Kafin mu kai can, akwai alamun da ba sa jiran fisiyo, balle amsa ta intanet. Idan fitsari ya fara yi maka gardama, ko yana zubowa ba ka sani ba, ko ba ka iya riƙe bayan gida, ko fatar tsakanin cinyoyi da kewayen al'aura da dubura ta mutu har ba ka jin taɓi, ko ƙafafu biyun sun fara rauni a tare, to ka tafi sashen gaggawa a ranar, ko da tsakar dare ne. Wannan yana nuna an danne tarin jijiyoyin da ke ƙasan laka, kuma jinkiri na iya barin naƙasar da ba ta gyaruwa. Haka nan idan ƙafar tana ƙara rauni kullum har tafinta yana ja a ƙasa, ko ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama ba dalili, da gumin dare, ko ka taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka, ko ya fara ne bayan faɗuwa mai tsanani, ka koma wurin likita da wuri. Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba, don haka zan ci gaba a kan cewa babu su.

Yanzu maganar hoton. Mutane da yawa suna shigowa wurinmu riƙe da takardar MRI kamar an yanke musu hukunci, suna tafiya a sanƙame, ba sa ko son su sunkuya su ɗaura takalmi. A shekarar 2015 an buga wani nazari da ya tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba sa jin ciwon baya ko kaɗan. A cikin 'yan shekara 20, kashi 30 cikin 100 an ga faifansu ya bulluƙo, kashi 37 kuma an ga alamun faifan ya fara tsufa. A cikin 'yan shekara 80, masu bulluƙowar sun kai kashi 84, masu alamun tsufan kuma kashi 96. Ka tuna, duk waɗannan lafiyarsu ƙalau. A shekarunka, in aka tara sa'anninka goma da ba su san ciwon baya ba aka yi musu hoto, da wuya a rasa huɗu ko biyar masu irin rubutun da ke takardarka. Galibin abin da hoto ke nunawa a faifai kamar furfura yake, yana zuwa da shekaru, ba lallai ya zo da ciwo ba.

Wannan ba yana nufin faifanka ba shi da hannu a ciki ba. Ciwon da ke bin bayan cinya ya gangara ƙasan gwiwa yakan nuna jijiya ta fusata, kuma tsakanin L4 da L5, da tsakanin L5 da S1, wato ƙashin da ke ƙasa da shi, nan ne aka fi samun matsalar faifai, domin nan ne nauyin gangar jiki da yawan lanƙwasa suke taruwa. Amma faifai ba ya zamewa daga mazauninsa yadda ake zato. A manne yake da ƙashin sama da na ƙasa, mannewa mai ƙarfi. Abin da ke faruwa shi ne, ɓargon tsakiyarsa mai laushi yana turo bangon waje, ko ya ɓula shi ya leƙo. Ciwon kuma ba dannewar kaɗai ke kawo shi ba, har da kumburin da abin da ya leƙo ke haddasawa a kewayen jijiyar. Shi ya sa mutum zai warke sarai alhali hotonsa bai canza ba: kumburin ne ya lafa. Wani abin da ba a cika gaya wa marasa lafiya ba shi ne, jiki da kansa yana cinye abin da ya leƙo. Wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike da dama ya samu cewa kimanin kashi biyu cikin uku na faifan da ya ɓula yana janyewa ba tare da wuƙa ba, kuma abin mamaki, wasu binciken sun nuna waɗanda suka fi girma da muni a hoto su suka fi saurin janyewa, domin su ne garkuwar jiki ta fi gani ta far musu.

Saboda haka likitan fisiyo na ƙwarai ba da takarda yake farawa ba, da kai yake farawa. Zai sa ka taka a kan dugaduganka, sannan a kan yatsun ƙafa. Zai ɗora babban yatsansa a kan babban yatsan ƙafarka ya ce ka ɗago, ya kwatanta dama da hagu, domin jijiyar L5 ce ke ɗaga wannan yatsa, kuma ita ce faifan L4 da L5 ya fi taɓawa. Zai shafa bayan tafin ƙafarka da gefensa ya tambaye ka ko jin iri ɗaya ne. Zai kwantar da kai rigingine ya ɗaga ƙafar a miƙe a hankali, yana kallon fuskarka, ya ga a wane tsayi ciwon ke harbawa zuwa ƙasan gwiwa. Zai sa ka sunkuya, ka miƙe, ka gantsare, ka maimaita sau goma, ya tambaye ka ina ciwon ya koma. Daga wannan ne ake tsara jiyya. Idan tun zuwanka ba wanda ya yi maka irin wannan dubawa, kai tsaye aka kwantar da kai ƙarƙashin fitila, to ba a fara maka fisiyo ba tukuna, kuma kana da haƙƙin ka nema.

Game da na'urorin, ban ce ƙarya ba ne daɗin da kake ji. Ɗumi yana sassauta tsokar da ta ɗaure. Na'urar tsikarar da ake kira TENS kuwa an gina ta ne a kan bayanin da masana biyu, Melzack da Wall, suka kawo a 1965, cewa saƙon taɓi da na tsikara suna iya rage saƙon ciwo tun a laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Dalilin da ya sa kake murza gwiwar hannu in ka buge ta ke nan. Amma da an cire wayoyin, ba a daɗe tasirin yake gushewa, kuma ba abin da ya canza a ƙarfin tsokarka ko juriyar bayanka. Hukumar NICE mai tsara hanyoyin jiyya a Birtaniya, a ƙa'idojinta na 2016 kan ciwon baya da na jijiyar ƙafa, ta ce kada a riƙa ba da TENS, ko na'urar sauti ta altirasawun, ko jan baya da na'ura, ko bel ɗin ɗaure ƙugu. Tausa da gyaran gaɓoɓi da hannu ta yarda da su, amma da sharaɗin a haɗa su da atisaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023 kan ciwon bayan da ya daɗe, kusan hanya ɗaya ta bi. Ni a ganina, minti goma na ɗumi ba laifi in zai sa ka iya motsawa bayansa. Laifin shi ne a mayar da shi shi ne duka zaman. Kuma gaskiyar da ba a so a faɗa, na'ura ta fi sauƙi ga sashen da marasa lafiya suka yi wa yawa, tunda mutum ɗaya zai iya jona biyar a lokaci guda, su kuma marasa lafiyan suna fita da jin an yi musu wani abu.

Hutu fa? A da kwanciya ake ba mai ciwon baya, mako ɗaya ko biyu. An gwada abin, bai ci jarrabawa ba. A 1995, a ƙasar Finlan, an raba ma'aikata masu sabon ciwon baya gida uku: wasu kwanciyar kwana biyu, wasu atisayen motsa baya, wasu kuma aka ce su ci gaba da harkokinsu gwargwadon abin da za su iya jurewa. Na ukun su suka fi saurin murmurewa, masu kwanciyar su suka zo ƙarshe. A 1999 aka gwada kwanciyar mako biyu a kan masu ciwon da ke sauka ƙafa irin naka, a ƙasar Holan, aka ga ba ta fi rashin kwanciyar da komai ba. Faifai ba shi da wadatar hanyoyin jini, abincinsa yana shiga ne ta matsawa da sakewa da motsi ke kawowa. Tsoka kuma in ba a mora ta ba, ramewa take yi cikin makonni.

To, ga inda tsoronka yake. Zafin da kake ji in kana atisaye ba shaida ba ce cewa kana yaga wani abu. Ciwon da ya haura wata uku yakan sa jijiyoyi da laka su ƙara saurin amsawa, abin da da can ba ya sa su kuka yanzu yana sa su. Rashin barci, da damuwa, da tsoron motsi suna ƙara rura wannan. Ba a ce ciwon a ranka yake ba, ciwo ne na gaske, amma yawansa ba ya auna yawan rauni. Ma'aunin da muke ba marasa lafiya shi ne: ka auna zafin daga 0 zuwa 10. In lokacin atisaye bai wuce 3 ko 4 ba, kuma ya koma yadda yake kafin gari ya sake wayewa, ka ci gaba. In ya haura haka, ko ka tashi washegari ya fi jiya, to ka yi yawa ne, sai ka rage adadi ko zurfin motsin, ba ka daina ba. Abin da ya fi yawan zafin muhimmanci shi ne inda ciwon ya dosa. In motsi ya sa ciwon ya baro sha-raɓa ya dawo cinya, ya baro cinya ya dawo ƙugu, wannan alama ce mai kyau ko da na ƙugun ya ɗan ƙaru. In kuwa yana tura shi ƙasa zuwa tafin ƙafa, ko ƙafar tana ƙara mutuwa, ka dakatar da wannan motsin ka sanar da mai duba ka. Robin McKenzie, wani likitan fisiyo ɗan ƙasar Niyu Zilan, shi ya shahara da lura da wannan, kuma har yau da shi ake aiki.

Ga misalin yadda ake gwada shi ga wanda zama da sunkuyo ke tayar wa ciwo. Ka kwanta rub da ciki a wuri mai ɗan tauri, ka saki jiki na minti biyu ko uku, kana numfashi a hankali. In ƙafar ba ta yi ƙorafi ba, ka tokare da gwiwoyin hannu, ƙirji a sama, ƙugu a ƙasa. In nan ma lafiya, ka dafa tafukan hannu daidai kafaɗu, ka miƙe hannuwan ka ɗago ƙirji, amma ka bar ƙugu da ɗuwawu a sake, kada ka ɗaure su, hannu ne ke aikin ba baya ba. Ka dakata daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka sauka. Sau goma, sannan ka tashi ka ɗan taka ka ji ina ciwon yake. Ba kowa wannan ke yi wa daidai ba. Wanda ramin lakarsa ya tsuke, wanda aka fi gani a dattawa, gantsarewa ƙara masa take yi, shi sunkuyo ne ke ba shi sauƙi. Shi ya sa atisayen da ka gani a bidiyo, ko wanda ya yi wa abokinka amfani, ba lallai ya zama naka ba, kuma shi ya sa ake buƙatar wanda zai gwada ka da hannunsa.

Wannan matakin kwantar da ciwo ne kawai. Babban aikin shi ne mayar wa baya da ƙugu da cinyoyi ƙarfinsu: ɗaga ƙugu daga kwance, tashi da zama daga kujera ba tare da dafawa ba, miƙa hannu ɗaya da ƙafar ɗaya ɓangaren daga rarrafe, daga baya a kai ga tsugunno da ɗaukar nauyi daga ƙasa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Eh, har ɗaukar nauyi. Bayan da aka hana shi ɗaukar komai, ranar da dole ta sa ya ɗauka ita ce ranar da zai kasa. Bincike bai nuna wani nau'in atisaye guda da ya yi wa sauran fintinkau ba, wanda za ka iya ɗorewa a kansa shi ne ya fi. Sai dai ka san lokacin da abin ke ci: a makonnin farko jijiyoyi ne ke koyon sarrafa tsokar, ita kanta tsokar ba ta fara kauri sosai sai an yi mako shida zuwa takwas. Wanda ya yi kwana biyar ya ce bai ga canji ba, bai ba abin dama ba. Ka ba shi mako takwas zuwa goma sha biyu na yi da gaske, kuma ka auna ci gaba da abin da kake iya yi, kamar tsawon zaman da kake jurewa, da nisan tafiya, da barcin dare, ba da zafin yau kaɗai ba, don shi hawa da sauka yake yi.

Kada ka raina tafiya da ƙafa. A 2024 mujallar Lancet ta buga wani gwaji da aka yi a Ostareliya kan mutum 701 da ba su daɗe da warkewa daga ciwon baya ba. Rabi aka tsara musu tafiyar ƙafa da 'yan zama da likitan fisiyo, rabi aka bar su haka. Masu tafiyar sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon da ke hana aiki ya dawo, sauran kuwa kwana 112. Ka fara da abin da ƙafarka ta yarda da shi, ko minti goma ne sau biyu a rana, kana ƙarawa duk mako, har ka doshi minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so kowane baligi ya samu.

Zaman ofis kuwa, ba sai ka sayi wata kujera ta musamman ba, kuma ba sai ka zauna a ƙame kamar an dasa ka ba. Daɗewa a yanayi ɗaya ne ke gajiyar da baya, kowane irin yanayi ne. Duk minti talatin ko arba'in ka miƙe, ka dafa ƙugu ka ɗan gantsare, ka taka kaɗan, ka dawo. Ƙaramin tawul da aka naɗe aka sa a kwarin baya yana taimaka wa wasu. Da safe faifai ya fi cika da ruwa, ya fi tauri, don haka ka bar sunkuyo mai zurfi sai jiki ya warware. In za ka tashi daga gado a ranar da ciwon ya motsa, ka juya ta gefe, ka sauke ƙafafu, ka tura da hannu ka zauna.

Magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac suna iya buɗe maka hanyar motsi na ɗan lokaci, amma shan su wata da watanni yana taɓa ciki da ƙoda, musamman ga mai gyambon ciki ko hawan jini. Wannan ka bar shi a hannun likitanka. Masu sa maye irin su tramadol ba su da gurbi a jiyyar ciwon bayan da ya daɗe.

Saura tiyata. Tana da wurinta, kuma ba na cikin masu tsorata mutane da ita. Dole ce in alamun gaggawar da na fara da su suka bayyana, ko ƙafa tana ƙara rauni. Zaɓi ce ga wanda ciwon ƙafarsa ya fi na bayansa, ya hana shi aiki da barci, hoto ya nuna jijiyar da aka danne ta yi daidai da inda yake jin ciwon, kuma ya yi jiyya ta gaske na makonni ba sauƙi. A 2007 an buga wani gwaji daga Holan kan mutum 283 masu irin wannan ciwo na mako shida zuwa goma sha biyu: waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙin ƙafa, amma da shekara ta zagayo, ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki. Wato abin da tiyatar ta fi bayarwa shi ne sauri. Kuma ciwon ƙafa take magancewa fiye da na ƙugu, kai kuwa ka ce naka a ƙugu yake zaune, ƙafar wani lokaci ne. Wanda aka yi wa ma, fisiyo zai dawo bayanta.

Don haka ka koma wurin likitan fisiyonka, ka gaya masa gaskiya cewa ka daina atisayen da dalilin da ya sa, ba zai ji haushi ba, kullum muna jin haka. Ka nemi ya sake duba ƙarfin ƙafar da jin taɓinta, ya kalle ka kana yin kowane motsi ya gyara maka, ya rage su zuwa uku ko huɗu da za ka iya yi a gida, ya rubuta maka sau nawa, da abin da za ka yi ranar da ciwon ya tashi. Ku sa ranar da za ku sake aunawa, kamar bayan mako shida. In a ranar ƙafar ba ta ragu ba duk da ka yi naka, ko ta ƙaru, sai ya mayar da kai wurin likitan ƙashi ko na jijiya da rahoton abin da aka gwada, a tattauna allura ko tiyata.